Malam Litiral Ya Je Kebbe da Ƙafa

Tambuwal ta yi malamai, ta yi attajirai, ta yi 'yan boko masu baƙin gilashi. Amma sai da Allah ya kawo Malam Sama'ilu Ɗangiwa sannan ta samu wanda zai gaya wa mutanenta cewa tun kaka da kakanni ba su san abin da suke faɗa ba. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, ko da yake har yau ba a samu wanda ya je ya yi godiya ba.

Malam Sama'ilu tafinta ne a wani ofishi da ke bakin titin Sakkwato. Dogo ne, mai tsabta, hularsa kullum da kari, aljihunsa jere da birori waɗanda ɗaya ne kawai ke rubutu. A Tambuwal aka yanke cibiyarsa, amma Hausar rediyo yake yi, don ya ce "munka" da "sunka" ba su dace da mai albashi ba.

Wata shekara aka tura shi bita Sakkwato. Abokan tafiyarsa suka dawo da jakunkuna da riguna masu tambari. Shi kuwa, da yake mai hangen nesa ne, ya dawo da kalma guda. Litiral.

Kalmar Turanci ce. In aka ce an ɗauki magana a litiral, to an ɗauke ta yadda ta fito daga baki, ba kwana, ba lanƙwasa. Ranar da ya fara bayaninta a rumfar Dalhatu tela, inda majalisarsu take zama bayan la'asar, sai Dalhatu ya tsayar da keke ya ce, "Ai zahiri ke nan, Malam. Mun san shi tun a zaure."

Malam Sama'ilu ya dube shi da tausayi. Ya ce, "Zahiri na zaure ne, Dalhatu. Litiral ta ofis ce."

Masu sayar da fetur a galan da suka ji kalmar daga nesa sun ɗauka lita yake nufi, har ɗayansu ya bi shi gida yana tambayar ko yana da hanyar samun mai da sauƙi. Daga nan aka fara kiransa Malam Lita. Masu ladabi suna cika masa sunan su ce Malam Litiral, kuma yana amsawa, don a ganinsa sarauta ce ilimi ya naɗa masa.

Sai ya shiga gyaran gari. In ka ce masa "Ina kwana?" ya ce yana kan gado, can ya baro shi. In ka ce "Ina gajiya?" ya tsayar da kai a rana ya nuna maka inda take, gaɓa gaɓa. Wanda ya ce masa "Ina zuwa" alhali yana tafiya, sai ya kira shi ya dawo ya gyara. Ya taɓa tare wani dattijo da ya ce za shi cin kasuwa, ya tambaye shi ta wane gefe zai fara gutsura. A wajen wani ɗaurin aure ya ɗaga hannu ya nemi a nuna masa igiyar. Liman ya ce igiyoyin ma uku ne. Ya ce to a fito da ko guda. Tun daga ranar goron gayyata ya riƙa ɓata hanya kafin ya kai ƙofarsa.

"Abin da ya hana mu ci gaba," in ji shi a majalisa, yana kaɗa biro, "shi ne mutum ya faɗi abu yana nufin wani. Mu ci kasuwa, mu ci amana, mu ci zaɓe, mu sha iska, mu sha wahala. Al'ummar da ba ta da aiki sai ci da sha, yaushe za ta ƙera jirgi?"

Dalhatu ya ce lalle an ci ribar wannan zama. Malam ya ce ga irinta nan.

A gida ma bai yi rowar iliminsa ba. Matarsa Zahara'u ta yi haƙuri iyakar abin da ɗan Adam ke iyawa. Ta ce tuwo ya kwana, ya tambaye ta ko ya yi minshari. Ta ce kanta na sarawa, ya nemi ganin gatarin. Wata safiya ta dube shi ta ce, "Malam, wallahi zaman ga ya ishe ni."

Ya ce, "To ki tashi tsaye mana."

Ta tashi. Ba ta sake zama ba sai a gidan iyayenta a Dogon Daji, kuma duk dattijan da aka tura biko sun dawo da saƙo ɗaya: ta ce ita ma ta fara litiral, shi ya ce ta tashi. Haka auren ya mutu. Malam Sama'ilu bai yarda da wannan lafazin ba, tunda ba a yi jana'iza ba, amma ya yarda cewa shi ke wanke kayansa, kuma a bakin tasha yake cin tuwo. Gidan ya yi masa faɗi. Ranakun hutu yakan kama kansa yana gyara wa rediyo magana, rediyo kuwa ba ta ko juyowa.

Kada a ɗauka shi kansa ya daina ci da sha a magana. Kalmar tasa, ashe, fuska gare ta fiye da ɗaya. Yakan shigo majalisa yana fifita ya ce, "Rana ta dafa ni yau, a litiral." Ko ya ce, da loma a hannunsa, "Yunwa ta kashe ni, a litiral." Ran nan Dalhatu ya tambaye shi ko a fara ɗinkin likkafani.

Malam ya ajiye loma ya yi bayani. "Jahilci ne ke damunku. Litiral iri uku ce. Akwai ta ma'ana, wato magana yadda take. Akwai ta fassara, wato kalma da kalma. Akwai ta ƙarfafawa, wadda Turawa da kansu suke sa wa magana don ta yi nauyi."

"To, ƙaƙa za mu gane wadda kaka nufi?"

"Ni zan gaya muku."

Tsarin ya zauna daram. In wani ya yi magana, ta ma'ana ce ke aiki a kansa. In Malam ya yi, sai an jira sanarwa.

Ita litiral ta fassara ce ta kai shi Kebbe. Wata baƙuwa daga wata ƙungiya ta zo taro kan lafiyar mata masu juna biyu, ba ta jin Hausa, aka ɗauki Malam Sama'ilu ya zama bakinta. Da ta gama jawabi sai ta faɗi abin da masu Turanci ke faɗa in suna nufin kowa na iya tambaya. Malam ya gyara murya ya ce, "Ta ce daɓe a buɗe yake."

Dattijan da ke sahun gaba suka ɗage ƙafafu. Wata tsohuwa ta janye jikarta. Aka yi ta duban ƙasa ana neman ramin.

Mutum ɗaya ce ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi har kafaɗunta na rawa. Mas'uda ce, ungozoma a ƙaramin asibitin garin, bazawara, mai jin Turanci daidai gwargwado. Malam Sama'ilu ya ga dariyar, ya yi mata fassara nan take, kuma a karon farko a rayuwarsa bai yi kalma da kalma ba. Ya ce sha'awar ilimi ce.

Ya fara zuwa zance. Duk ranar da motar ofis za ta Kebbe, sai a samu takardar da ba mai iya kai ta sai shi. Mas'uda tana zaune a gidan baffanta Jumare, ƙanen mahaifinta, manomi mai 'yan shanu, wanda bai cika magana ba. A zaurensa ake shimfiɗa wa Malam tabarma. Abin mamaki, ba ta kore shi ba. Tana sauraron laccarsa, tana tsokanarsa, ta ce masa ya sha ruwa ta ƙara da cewa a litiral. In ta yi dariya sai ya ji zauren ya cika, ya tuna nasa gidan da rediyo. Wannan karon da gaske yake so. Ya ma taɓa barin ta ta ce "Ina zuwa" ta shige gida bai kira ta ba, abin da ya ɓoye wa majalisa.

Ita dai ta ji labarin Zahara'u da tashi tsaye. Duk lokacin da ya kawo zancen turo manya, sai ta ce ba a gaggawa.

Ana tsakiyar damina, hanyar Kebbe ta zama abin da ta saba zama, mota ta shiga laka sai an tara gari. Wata Asabar ya iso da ƙyar, ya tarar Baffa Jumare da maƙwabta suna zaune a ƙofar gida, inda duk abin da aka faɗa a zaure yake fitowa ya same su. Mas'uda ta yi masa sannu da hanya. Ganin akwai masu sauraro ya sa ya ɗaga murya.

"Hanya? Mas'uda, ko hanya ta yanke, ko mota da babur sun ƙare a duniya, saboda ke zan zo Kebbe da ƙafa. Tun daga Tambuwal. A litiral!"

Ta ɗan karkata kai. "Wace litiral ɗin, Malam? Ta ma'ana, ko ta ƙarfafawa?"

Ƙofa ce ta buɗe masa, faffaɗa, wadda ko raƙumi zai wuce. Da ya ce ta ƙarfafawa, da an yi dariya an wuce wurin. Amma ya ji hirar waje ta tsaya cak. Mutumin da ya nemi igiya a hannun liman ba zai janye magana a gaban manoma ba.

"Ta ma'ana," in ji shi.

"To madalla. Asabar mai zuwa ka zo da ƙafa. In kaz zo da ƙafa, ni kau in ba da kai."

Ko yaro ya san in mace ta ce ta ba da kai, ta amince ke nan. Malam ya koma Tambuwal zuciyarsa fari ƙal, labari kuwa ya riga shi isa.

Ya sayi takalmin kambas. Ya sayi sanda. Ranar Talata ya fita gwaji, ya kai ƙarshen gonakin bayan gari, ya gano cewa an ƙara wa duniya tsawo tun bayan da ya bar firamare. Ya dawo yana ɗingishi. A majalisa Dalhatu ya ba shi shawara kyauta.

"Malam, buga mata waya ka ce baki na ya zarce. Mata na son jin haka."

"Bakina bai taɓa zarcewa ba. Yana nan inda Allah ya sa shi."

Ya kwana biyu yana juya maganar. Babban mutum ba ya ƙarya, wannan ya sani. Amma babban mutum yana iya duba magana da kyau ya ga inda ta bar masa wuri. Ranar Alhamis aka ga fuskarsa ta washe, har ya amsa "Ina wuni?" da "Lafiya lau."

Asabar da sassafe ya fito da kambas da sanda da gorar ruwa. 'Yan majalisa suka raka shi bakin gari. Ya yi musu ɗan jawabi kan cika alkawari, ya kama hanya, gero na kaɗawa dama da hagu. Da ya tabbata ya ɓace musu, sai ya ratse bayan wata kuka, inda wani ɗan kabu-kabu da ya yi ciniki da shi a tasha yake jiransa. Sunansa Na'iya. Malam bai tambaye shi ko ɗan ina ne ba. Manya ba sa tambayar asalin wanda ke tuƙa su.

Na'iya ya san hanyar kamar ɗakinsa, yana kauce wa kowane rami tun kafin ya bayyana, wanda da ya isa ya sa mai tunani tunani. Kafin rana ta yi zafi sun kai wani ɗan rafi da ake hango rufin kwanon Kebbe daga bakinsa. Malam ya sauka.

"Ka shiga gari ka jira ni. Amma ka ji da kyau: kada in gan ka. Ko kusa kada idona ya sauka a kanka."

"An gama, Malam."

Ya zauna a inuwa ya ci ƙosan da ya yi guzuri, ya yi azahar, ya ɗan rintsa. Da rana ta karkata ya shiga rafin ya yi wa kambas da ƙafar wando ado da laka, ya ɗiga kaɗan a gefen riga don a ga an sha hanya. Ya gwada ɗingishin dama, ya gwada na hagu, ya zaɓi na hagu. Sannan ya shiga Kebbe.

An taru a ƙofar gidan Jumare. Daga cikin gida ƙamshin nama na tashi. Aka shigar da shi zaure, aka kawo ruwa a buta, Baffa Jumare da kansa ya ce a miƙo masa matashi. Malam ya jingina, ya lumshe ido, ya ba da tarihin tafiyar: yadda rana ta yi, yadda laka ta yi, yadda ɗan Adam ke gane kansa in yana shi kaɗai a daji. Bai ce ya taka ba. Bai ce bai taka ba. Kowace jimla ya auna ta kafin ya sake ta.

Mas'uda ta fito ta tsaya a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, kusa da asabarin da aka rataya. Ba ta dariya. Ta ce a hankali, "Sannu, Malam. Tsakaninka da Allah, da ƙafa kaz zo?"

Ƙofa ta biyu ke nan. Ya dube ta, ya ga kamar tana roƙonsa wani abu. Ya dubi mutanen da suka cika zaure.

"Da ƙafa na zo."

Sai wata murya ta fito daga bayan asabari, mai ita yana tauna. "Gaskiya tai ta, taubashiya. Ni shaida na. Duk biyun yaz zo da su, guda ta wanga gefe na babur, guda ta wancan."

Na'iya, ashe, ɗan goggon Mas'uda ne. Gidan kawunsa ya zo cin tuwo, kamar yadda yake yi duk ran da hanya ta kawo shi, tun hantsi.

Malam ya miƙe, ya manta da ɗingishi. "Ban ce kada in gan ka ba?"

"Ka gan ni, Malam? Ni dai ina bayan asabari. Cewa kay yi kada ka gan ni, ba ka ce kada ka ji ni ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Da wani ne, da nan ya tsaya. Amma Malam Sama'ilu ya zo da shirinsa tun ranar Alhamis. Ya ɗaga hannu, ya zaro biron da ke rubutu.

"Jama'a, a natsu. Me na ce? Na ce zan zo da ƙafa. Ban ce a ƙasa ba. Ban ce zan taka ba. Kalmar 'da' tana nuna rakiya, kamar a ce mutum ya zo da ɗansa, ko ya zo da buhu. To ga ƙafafuna. Na baro su a Tambuwal? Wa ya gan su can? Da su na taso, da su na iso. Alkawarina ya cika a litiral, ta ma'ana, kuma ina ƙalubalantar duk mai ilimi a Kebbe ya nuna mini inda na saɓa."

Ba wanda ya nuna. Baffa Jumare ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Malam ya juya ga Mas'uda da murmushin wanda ya ci shari'a.

"Saura naki."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Ina zuwa." Ta shige.

Ta dawo da kwano a rufe, ta durƙusa ta ajiye a gabansa da ladabi, ta ɗage murfin. Kan akuya ne, an babbake shi an wanke tas, ido a buɗe, haƙora a waje, kamar shi ma ya ji jawabin.

Hausar rediyo ta gudu ta bar Malam. "Mi na wanga?"

"Kai na. Nac ce in kaz zo da ƙafa in ba da kai. Ga shi na ba da. Ba na aro ba ne, akuyata ta, ni nak kiwata ta."

"Amma ai ba haka ake nufi ba! Kowa ya san in mace ta ce..."

Ya tsaya. Ya ji abin da bakinsa ke shirin faɗa, kuma duk zauren ya ji.

"Kai da ƙafa ke nan, Malam," in ji asabari. "Saura yaji."

Baffa Jumare ne ya raka shi waje, yana riƙe masa da kwanon. Da suka yi nisa da mutane dattijon ya ce, "Malam Sama'ilu, akuyar ga don kai anka yanka ta. Goro na ciki, na fatiha. Ɗiyar ga ta san ba ka iya tako wagga hanya, mu ma mun sani. Ko da Na'iya yaf faɗa mata, cewa tay yi a ci gaba da girki. So takai ta ji ka ce ka kasa, ko ka ce baki na ya zarce. Shi ke nan abin da taka jira."

Malam ya buɗe baki zai yi bayani kan bambancin kasawa da fasawa. Dattijon ya miƙa masa kwanon ya juya.

Na'iya ne ya mayar da shi, don babu wani. Murfin kwano na ƙara a kowane rami har Tambuwal.

Ya kwana biyu bai fito ba. Da ya fito ya tarar an sauya masa sarauta, yanzu Malam Kai-da-Ƙafa ne, kuma mai tuwon tasha ta fara tambayarsa ko a sa masa nasa. Mas'uda ta aiko a mayar mata da kwanonta, ta ce a ba Na'iya, ba sai Malam ya wahalar da ƙafafunsa ba.

A majalisa aka matsa masa wuri. Dalhatu ya ci gaba da taka keke kamar bai san komai ba, sai da ya kai ƙarshen ɗinki ya ciji zare.

"Malam, an dawo lafiya? To, ƙaƙa? Ta ba da kai?"

Malam Sama'ilu mutum ne da ba ya ƙarya. Ya dubi titi.

"Ta ba da."

"A litiral?"

"A litiral."

"Wace?"

Ya amsa da muryar da ba ta kai bakin rumfa ba.

"Ta ma'ana."

Masana a Tambuwal sun haɗu a kan cewa tun da ya ɗauko kalmar daga Sakkwato, ranar ce kaɗai ya yi amfani da ita daidai.